Mutumin da Ke Tsaye a Cikin Gilashi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da yaranki. Allah Ya tsare ku daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sa wannan takarda ta same ki cikin natsuwa.

Za ki yi mamaki in rubuto miki wasiƙa alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Duk maganar da ta wuce "kun tashi lafiya" da "a kawo ruwan alwala", kafin ta fito daga bakina zuwa gare ki ta karkace. Rubutu kuwa shi ne sana'ata tun kafin a haife ki. A kan takarda nake iya faɗin abu yadda yake. Ki karanta a hankali har ƙarshe.

Maganar tafiyarki ce. Mijinki Mustafa ya gama komai a can ƙasar da yake karatu. Ya kama gida, ya samo wa yara makaranta, biza ta fito. Kika ce sai an gama shuka. Aka gama shuka, kika ce sai an yi noman farko. Shekaranjiya na ji kina gaya masa a waya wai hawan jinina ne bai daidaita ba. Jinina lafiyarsa ƙalau, ke kike auna shi, kin fi ni sani. Na kuma ji shirun da kika yi bayan nan kina sauraronsa, na gane mutumin ya fara gajiya. Biza tana da wa'adi, haƙurin miji ma yana da shi. Ni ne dalili. Tun rasuwar mahaifiyarku kika dawo ƙauyen nan da yara, kuma kina tsoron ki tafi ki bar ni ni kaɗai.

Da ban ce komai ba, don ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin zamanku. Amma jiya da la'asar ina zaune a gindin darbejiya, 'yarki Walida ta zo da wayarki tana nuna mini hoton da babanta ya turo. Wani ƙaton zaure ne, an rataye ƙasusuwan wani kifin teku daga rufi, mutane a ƙarƙashinsa kamar kiyashi.

Ta ce, "Tsoho, ka taɓa ganin irin wannan?"

Na ce, "Amarya, ni da na zaga duniya? Ke dai je ki gano, in ba wani mijin za ki sake a can ba."

Ta ce, "Ai ko a nan ma na sake ka. Miji ba haƙora?" Ta gama dariyarta, sannan ta ce, "Abba ya ce zai kai mu ni da Sadiq. Amma Mama ta ce ita ba za ta shiga ba, ba ta son gidan matattu."

Na san inda kika samo wannan suna, domin ina wurin. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ban san iyakar abin da kike tunawa ba, don lokacin ba ki wuce shiga firamare ba, ƙaninki Bashir kuwa bai daɗe da barin goyo ba. Muna zaune a Kano, ina aikin jarida. Inna, mahaifiyata, ta rasu ba da daɗewa ba a gidan nan, kuma kina nan aka fitar da ita. Kin ga an shiga da ruwa, kin ga an fito da makara, kafin rana ta yi tsaka komai ya ƙare. Bayan sadakar arba'in aka tura ni ɗauko rahoton wani taro a wata jami'a a ƙasar Yarabawa. Mahaifiyarku ta ce in tafi da ku, ko kwa sha iska, don tun rasuwar kin daina wasa. A cikin jami'ar akwai gidan tarihin halittu, inda ake ajiye dabbobi da tsuntsaye da ƙwari da duwatsu don mutane su gani. Dabbobin an feɗe su, an cusa wa fatar wani abu har ta tsaya kamar mai rai, an sa musu idon gilashi. Na ce zan kai ku tsakanin zaman safe da na yamma.

Daga nan na fara kuskure. Na shiga da ku ina duba agogo. Ina so ku ga komai, don in ce mun gani. Ɗaki na farko na ƙwari ne, an jera su a kan allurai cikin akwatunan gilashi. Bashir ya manna hancinsa a wani akwati ya ƙi motsi. Na duba, ashe buzuzu ne, irin wanda ke mirgina kashin shanu a bayan gidan nan. Ga ƙoƙon kan giwa yana hango mu daga ɗaya ɗakin, yaro ya tsaya kan buzuzu.

Na ce, "Kai, tun daga Kano muka taho don ka kalli buzuzu?"

Mahaifiyarku ta ce, "Malam, ƙyale shi mana. Ɗan garinsu ya gani, gaisawa suke yi."

Ban yi dariya ba. Na ɗauke shi cak, yana kuka har muka wuce giwar, bai ko kalle ta ba. Yau Bashir yana Fatakwal da iyalinsa, na tambaye shi a Sallar da ta wuce ko yana tuna wurin, ya ce abin da yake tunawa kawai an ɗauke shi yana kuka.

Idan kun je, ki bar agogo a gida. Yaro ba ya zuwa irin wannan wuri don ya ga komai. Abu ɗaya zai kama shi, kuma ba lalle ne ya zama abin da ku manya kuka ɗauka babba ba. In Sadiq ya tsaya kan wani dutse, ki nemi benci ki zauna. In kun fito ba ku ga rabin gidan ba, ba ku yi asara ba. Ki ba su abinci kafin ku shiga, ki kai su banɗaki, don ni ko wannan ban yi tunani ba.

Ɗaki na biyu shi ne na dabbobin ƙasarmu. A nan ni ma abu ya same ni, ban gaya wa kowa ba. Na ga kura, na ga gada, na ga burtu, na ga gauraka da tukkunta. A ƙarƙashin wasunsu an rubuta cewa daga Arewa aka kawo su. Ni ɗan Bagwai ne, a nan aka yanke cibiyata, amma ban taɓa ganin kura da idona ba sai ranar, a cikin gilashi, a ƙasar wasu. Babana ya sha gaya mana cewa da suna yara ba a barin akuya a waje, kura na zuwa har bakin gari, daidai inda gonar wake take yanzu gabas da masallaci. Kafin in yi wayo dajin ya ƙare. Gona ta haɗe da gona. Ki fita yanzu ki tsaya a duk inda kika ga dama tsakanin nan da Rimin Gado, ba za ki rasa hango rufin wani gida ba. Itatuwan da suka rage, kuka da ɗorawa da gawo, kowanne da mai shi.

Ina tsaye gaban kurar nan na ji kewar babana ta taso mini. Da na durƙusa na ba ku labarinsa. Maimakon haka na shiga karanta muku abin da aka rubuta a ɗan allon da ke jikin gilashin, ina fassarawa: nauyinta kaza, tana cin kaza, sunanta da Latinanci kaza. Haka na bi da ku akwati bayan akwati kamar mai karanta labaran rediyo.

Ke kuwa kika hango wani tsuntsu, kika saki hannun mahaifiyarku da gudu. "Baba! Baba! Ga shamuwar gidan Inna!" Karo na farko ke nan da na ji kin ɗaga murya tun rasuwar. Na duba allon na ce, "A'a, ba ita ba ce. Wannan a wani wuri aka kama ta, tun ba a haife ki ba." Gaskiya na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni. A ɗakin labarai aikina ke nan, in kama kuskure kafin ya shiga injin buga jarida, kuma ban iya ajiye jan biro a ofis ba. Kika ce "to", kika koma kika riƙe zanen mahaifiyarku.

Abin da ke jikin allo, yaranki za su karanta da kansu nan da 'yan shekaru, su ma fi ki iya Turancin. Abin da ba za su samu a allo ba shi ne naki. Idan suka ga shamuwa, ki gaya musu tana sauka kan rimin bayan gidanmu kafin ruwan farko, kuma da an gan ta kowa ke fito da irinsa ya duba. Idan suka ga bushiya, ki gaya musu yadda Bashir ya kawo ɗaya cikin hularsa ya saka a ɗakin mahaifiyarku. Ki kira musu komai da sunansa na gida tukuna. In suka yi kuskuren da ba ya cutar da kowa, ki bar musu abinsu.

Yanzu na zo ga ɗakin ƙarshe, wanda saboda shi nake wannan rubutu.

A can ƙurya akwai wani dogon akwatin gilashi, a ciki ƙwarangwal ɗin mutum yana tsaye, an ɗaure gaɓoɓinsa da waya. Mahaifiyarku tana hango shi daga ƙofa ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauki Bashir ta ce tana jiranmu a waje. Ta miƙo hannu ki biyo ta, na ce ta bar ki, ilimi ne. Muka tsaya ni da ke. Kin daɗe kina kallonsa. Ba ki ji tsoro ba da farko, na lura. Kika yi masa sallama a hankali, yadda aka koya miki ki yi in kin shiga ɗakin babba.

Sannan kika ce, "Baba, wannan mutum ne?"

Na ce, "Mutum ne."

"Ya rasu?"

"Ya rasu."

"To me ya sa ba a kai shi ba? Inna ai da safe aka kai ta."

Na ce, "Irin waɗannan yawanci waɗanda ba su da kowa ne. Mutum ya mutu a asibiti, ba wanda ya zo neman gawarsa, sai a ba masu karatu."

Kika ce, "'Ya'yansa fa?"

Na ce, "Ƙila sun yi nisa."

Na duba agogo, na ja hannunki muka fito, na ajiye ku a masauki na koma taro.

Ina so ki san abu ɗaya game da amsar nan. Ban san ko gaskiya ce ba. Ban tambayi kowa a gidan ba. Har yau ban sani ba ko ƙashin mutum ne na gaske, ko na roba ne irin wanda ake sayo wa makarantu daga waje. Wani abu na taɓa karantawa game da wata ƙasa dabam, na ɗauko na ɗora wa wannan bawan Allah. A ofis da wani ɗan rahoto ya kawo mini labari irin wannan, babu majiya, da na mayar masa. Amma na ba 'yata shi, alhali ba ta daɗe da rasa kakarta ba, don ba na son yaro ya tambaye ni in ce ban sani ba.

Da muka dawo na rubuta shafi guda a kan gidan tarihin. Na yi ƙorafin ƙurar da ke kan gilasai da ƙarancin kuɗin kula da wurin. An yaba rubutun. Ke kuwa kika fara tambayoyi. Akwai wani tsoho mai gadi a layinmu na Kano, Baba Tanko, kika tambayi mahaifiyarku wa zai kai shi in ya rasu, tunda ba a taɓa ganin 'ya'yansa ba. Kika riƙa kai masa tuwo ba wanda ya aike ki. Mahaifiyarku ta ce mini, "Malam, yarinyar nan ta ɗauko wani abu a gidan can, ka zauna da ita." Na ce yarinta ce, zai wuce. Ga shi kin haifi naki, bai wuce ba.

In yaro ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, sannan ki kama hannunsa ku je ku tambaya tare. A irin waɗannan gidaje akwai ma'aikata, aikinsu ke nan. Kuma ki saurari abin da ke bayan tambayar. Ke ba labarin ƙashi kike nema ba ranar. So kike a gaya miki cewa ba za a bar naki a tsaye haka ba. Da na tsuguna na ce, "Ban san labarinsa ba, Ummi, amma zo mu yi masa addu'a," da mun fito lafiya.

Akwai kuskure na ƙarshe, shi kuma kin san shi sarai, don ba ki daɗe da jin sa ba. Ranar da mahaifiyarku ta rasu kina Abuja. Na kira ki na ce, "Allah Ya yi wa mahaifiyarku rasuwa da safen nan, za a yi jana'iza bayan azahar." Wa, yaushe, ina, kamar yadda aka koya mini buɗe labari. Kika ce, "Baba, ku jira ni." Na ce, "Ba za ki iso ba." Ana kirana a zaure, na kashe wayar. Kika iso ana kiran magariba, an riga an share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi.

Ban yi nadamar rashin jira ba. Haka addini ya ce, haka ita ma ta so, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Abin da ban kyauta ba shi ne yadda na faɗa, da kuma shirun da na yi bayan nan. Ba ki tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban gaya miki ba, na bar ki kina cike gurbin da tunaninki. Bari in gaya miki yanzu. Ba ta kasance ita kaɗai ba. Kanta yana kan cinyar yayarta, Inna Rabi, ni ina riƙe da ƙafarta, Malam Ado liman yana bakin ƙofa yana karatu. Ta yi shahada, mun ji da kunnenmu. Kafin nan ta tambaya ko an ba kaji ruwa, Inna Rabi ta ce, "Ke dai har yanzu ba ki daina mulki ba," ta yi murmushi. Inna Rabi da matar Malam Ado ne suka yi mata wanka, da turaren da ke kika kawo mata. Kafin a gama, matan unguwa sun cika gidan har ba wurin sa ƙafa. Sahun sallarta ya wuce kukar bakin hanya, mutane sun bar tumatir a bakin dam sun taho da taɓo a ƙafa. Masu ɗaukar makara suna karɓa daga hannun juna, ni ko taɓawa da ƙyar na samu.

Na faɗi wannan ne don ki dubi inda za ki bar ni. Ƙasar da ta rasa dajinta saboda yawan mutane ba inda mutum zai mutu a rasa mai kai shi ba ce. In na yi tari a ɗakina, matar Malam Ado tana jiyowa ta katanga, da safe ta aiko da citta. In ban fito sallar asuba ba, kafin a yi sallama an turo a duba. 'Ya'yan ƙanina suna nome gonar, matansu sun riga sun raba kwanakin abincina tun kafin ki dawo, ke ce kika karɓe musu. Likkafanina yana cikin akwati tun dawowata daga Makka, Malam Ado ya san inda mabuɗi yake.

Ba zan ce miki ba zan ji kaɗaici ba. Zan ji. Ina jin sa ma yanzu kuna nan. Mutanen garin nan suna ƙaunata, amma na bar su ina saurayi na dawo da furfura, hirarmu ba ta wuce taki da farashin gero. In na karanta wani abu ya ba ni dariya, nakan ɗaga kai in nemi wanda zan karanta wa, sai in tuna. Mahaifiyarku ba ta damu da littattafaina ba, amma takan ce, "To, karanto mu ji me ya ba ka dariya," tana tsinke zogale. Wannan gurbi ba ke za ki cike shi ba, ko kin zauna har ƙarshen raina. Nawa ne, ni zan ɗauka. Idan kun tafi gidan zai ƙara yin shiru, zan riƙa ganin takalman Sadiq da suka yi masa kaɗan a bayan ƙofa. Na san duk wannan, na auna shi, kuma bai kai nauyin aurenki ba. Bai kai yara su tashi suna ganin ubansu ta waya ba.

Saura magana mai wuya, gara in faɗe ta ina da lafiya. In lokacina ya yi kina can, ba za ki iso ba. Yanzu na ga wani sabon abu ya shigo, 'ya'yan da ke nesa su bugo waya su ce a sa uba a firij ɗin asibiti sai sun sauka. Kada ki roƙi haka, kada ki sa Bashir ya roƙa. Na gaya wa Malam Ado kada ya saurari kowa. Ki tuna ko kina gidan nan ba ke za ki yi mini wanka ba, ba ke za ki bi makara ba, maza ne za su yi. Abin da zai iso gare ni daga wurinki addu'a ce, ita kuwa daga ko'ina aka yi ta tana zuwa. Na kuma roƙi Malam Ado, in ranar ta zo, ya ba matarsa wayar ta kira ki, ta zauna ta gaya miki komai a tsanake, kada a yi miki irin tawa.

Don haka idan kun sauka kun huta, ranar da Mustafa ya ce a je gidan tarihin nan, ki shirya ki bi su. Kada ki tsaya a ƙofa. In kika tsaya, Walida za ta gane akwai abin tsoro a ciki, ta ɗauka, ta riƙe shi kamar yadda kika riƙe naki. Halittar Allah ce aka tara a wuri ɗaya, wadda da yawanta ba za su taɓa gani a raye ba. In akwai ɗakin da aka ajiye mutane, ke za ki duba ki ga ko yaran sun isa shiga. In kun shiga, ku yi sallama kamar yadda kika yi kina ƙarama. Ke kika yi daidai ranar.

Abin da nake so a wurinki kaɗan ne. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada ki cika wayar da tambayar magani. Ki ba yara su yi ta surutu, ko ban gane rabin abin da suke faɗa ba. Ki riƙa yi musu Hausa a cikin gida. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko rana ta rikice muku a can. Ki yi haƙuri da mijinki, ya yi haƙuri da mu da yawa.

Da hantsin nan na kira shi da kaina, na ce ya yanki tikiti na mako mai zuwa. Ya ce, "Baba, ta yarda?" Na ce, "Ni na yarda." Tun da kika girma ban taɓa ce miki dole ba. Wannan karon na ce. Ki fara haɗa kaya. Na yafe miki duk abin da kike ganin kin rage ni da shi, duniya da lahira, ko da yake ni ban ga komai ba. Ke ma ki yafe mini.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya saukar da ku lafiya. Ya tsare ku a sama da ƙasa, Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya raya Walida da Sadiq a kan imani. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku da Inna, Ya haskaka makwancinsu. In da rabon mu sake ganawa a nan, Allah Ya nuna mana. In babu, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Na ba wa Allah ajiyarku.

Wassalamu alaikum.

Babanki.